Wa Ke Biyan Wa? Awon Tasirin Wasannin Tallafi a Unguwa Irin Bolari

Duk ƙungiyar wasan kwaikwayo ko ta marubuta da ta taɓa karɓar tallafi daga wata gidauniya ta san abin da ake nema a hannunta ranar da aiki ya ƙare: takardar sa hannun mahalarta, maza nawa mata nawa, hotunan taro da tambarin masu kuɗi a baya, rasidin hayar rumfa da kujeru, sai rahoto. Da waɗannan ake cewa aiki ya yi tasiri. A ganina abu ɗaya kawai suke tabbatarwa, wato an kashe kuɗi inda aka yi alkawarin kashewa. Wannan amana ce, kuma dole a sauke ta. Sai dai ko mutanen unguwa sun amfana, wata tambaya ce daban wadda rasidi ba ya amsawa.

Mu ɗauki Bolari. Tsohuwar unguwa ce a cikin garin Gombe, mai yawan jama'a har ta kasu mazaɓu biyu, ta Gabas da ta Yamma. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 garin ke cika yana batsewa, daga baya rikicin Boko Haram ya koro mutane daga Borno da Yobe, garin kansa ya sha tashin bom, ciki har da na Tashar Dukku a Disamban 2014. Ga kuma ta'asar 'yan daban da ake kira 'yan Kalare, wadda ta kai har ƙungiyar Human Rights Watch ta yi bayaninta a rahotonta na 2007 kan tashin hankalin siyasa a Nijeriya. Unguwa irin wannan ita ce mai ba da tallafin zaman lafiya ke fara dubawa.

A ce matasan Bolari sun samu kuɗi su shirya wasa a kan sara-suka, su nuna shi a filin makarantar firamare. Fili ya cika, an sa hannu, an raba kuɗin mota da lemo. Daga nan lissafi ya gurɓace, domin babu mai iya rarrabe wanda wasa ya kawo da wanda ambulan ɗin kuɗin mota ya kawo. Yaron da aka shirya wasan dominsa, mai kwana da gariyo a gefensa, ba ya rubuta sunansa a takardar da yake zargin za ta iya kaiwa ga 'yan sanda. Matar aure da ba ta fita dandali, wadda za ta kalli wasan a wayar ƙaninta bayan kwana biyu ta tura wa kishiyarta da maƙwabta, ita ma ba ta cikin takarda. Waɗanda aka fi bukata su ne ba a ƙirga ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda tallafi ya juya tsohon tsari. A al'adarmu mai kallo ne ke biyan mai wasa. Makaɗi yana sanin matsayinsa daga liƙin da aka yi masa, da kuma ko an sake gayyatarsa bikin gaba. Yaran tashe a watan azumi sun san gidan da aka yi dariya aka miƙo hatsi ko kuɗi, da gidan da aka ce Allah ya ba da haƙuri. Mamman Shata ya rasu tun 1999, amma ba a bukatar wani bincike kafin a san ya yi tasiri, ana jin muryarsa a tasha da shagon tela har gobe. A aikin tallafi kuwa mai wasa ne ke biyan mai kallo, shi kuma yana jiran hukunci daga ofishin da ke Abuja ko Landan. Idan wasa ya yi lami, babu wanda zai faɗa masa, tunda kowa ya karɓi nasa.

Ba ina nufin tsohon ma'aunin ba shi da aibi ba ne. Mai kuɗi ne ke riƙe da shi, shi ya sa kirari ya fi gaskiya kasuwa. Babu attajirin da zai yi liƙi a kan wasan yoyon fitsari ko na 'yan siyasar da ke saya wa yara ƙwaya. Irin waɗannan batutuwa sai da tallafi, kuma saboda haka ne awonsu ya zama wajibi.

An yi ƙoƙarin awo na gaske, kuma a ƙasar Hausa aka yi wani ɓangare nasa. Ƙungiyar Population Media Center ta Amurka ta shirya wasan rediyo mai suna Gugar Goge a 2006, sannan Ruwan Dare daga 2007 zuwa 2009, a Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato. Maimakon ƙirga masu saurare kawai, sai suka je asibitoci ana tambayar masu zuwa neman kula da lafiyar haihuwa abin da ya kawo su, suka kuma ba da rahoton cewa kusan biyu cikin uku sun ambaci Ruwan Dare. Wannan ya fi takardar sa hannu nesa, domin ya bi mutum har inda ya aikata wani abu. Amma wanda ya san mutanenmu ya san kara. Idan baƙo mai takarda ya tambayi mace ko shirin kaza ne ya kawo ta, kunya kaɗai na iya sa ta ce e.

Binciken da ya toshe wannan ƙofa shi ne wanda Abhijit Banerjee da Eliana La Ferrara da Victor Orozco suka yi tare da Bankin Duniya a kan wasan talabijin na MTV Shuga a kudu maso yammacin Nijeriya. Matasa kusan 5,000 aka raba ta hanyar ƙuri'a, wasu suka kalli Shuga, wasu suka kalli wani wasa da bai shafi lafiya ba, bayan watanni aka duba su waye suka je gwajin cutar ƙanjamau. Masu kallon Shuga sun kusa ninka sauran. A Ruwanda ma Elizabeth Paluck ta yi irin wannan da wasan rediyon sulhu na Musekeweya, ta wallafa a 2009, ta kuma gano abin da ya kamata kowane mai shirya wasa a Gombe ya sani: ra'ayin mutum na cikin zuciya bai cika sauyawa ba, abin da ya sauya shi ne fahimtarsa game da abin da jama'a suka yarda da shi, da yadda yake aikatawa a gabansu. Ke nan tambayar ɗan unguwa ko ya daina son faɗa ba ta da amfani sosai. Gara a duba ko har yanzu ana yi wa mai sara kirarin jarumta a majalisar shayi.

Irin wannan bincike ya fi ƙarfin ƙungiyar unguwa, kuɗinsa zai ninka na wasan kansa sau da yawa. Kuma ko shi bai ga nesa ba. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubutun ƙagaggun labarai, aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Da an nemi rahoton tasiri bayan shekara ɗaya, da adadin kwafen da aka raba wa makarantu kawai za a rubuta. Babu gurbin da zai ɗauki cewa an kafa harsashin ƙagaggen labari a rubutun boko na Hausa, wanda yaran firamare a Gombe za su karanta bayan shekara tamanin. Tallafin yau yawanci na wata shida ne zuwa shekara biyu, rahoto kuma ana rufe shi kafin abin da aka shuka ya tsiro.

Darasin da ya fi kusa da Bolari yana Samaru ta Zariya. Daga tsakiyar shekarun 1970 malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Michael Etherton da Brian Crow da Salihu Bappa, daga baya Oga Steve Abah, suka fara fita da ɗalibai ƙauyuka kamar Soba da Maska da Bomo. Da farko wasa ake kai wa manoma, daga baya suka koma zama da su, a ji matsalar taki ko ta gona daga bakinsu, a gina wasan tare, a tsaya a tsakiya a yi muhawara. Su da kansu sun sha rubuta cewa babban rauninsu shi ne rashin bibiya, ɗalibai su koma jami'a, ƙauye ya koma yadda yake. Na fi ganin darajar wannan amsa laifi a kan rahotanni masu ƙyalli da ba ka taɓa jin wani abu ya gaza a cikinsu.

To me za a auna a Bolari? Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Tun kafin a rubuta fitowa ta farko, a zauna da mai unguwa da limamai da malaman Islamiyya da masu shaguna, a shiga gidaje wajen mata, su faɗi alamar da za su gani su ce abu ya yi sauƙi. Wataƙila mai shayi ya ce ya daina tashi da wuri don tsoro. Wataƙila uwa ta ce an yi kamu da ɗaurin aure an watse lafiya. A rubuta yadda abin yake a yau, domin wanda bai auna farko ba ba shi da abin kwatantawa a ƙarshe. A yi aƙalla nuni ɗaya ba tare da kuɗin mota ba, a ga wa zai zo. Masu tambaya kuma kada su zama 'yan wasan, ga ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe nan kusa, ana iya horar da su.

Sannan a ware wani kaso na kuɗin don komawa bayan shekara guda da rufe aiki. A duba ko ƙungiyar na ci gaba da atisaye, ko lasifikar da aka saya tana nan ko an sayar, ko wani ya gayyace su biki ko taron makaranta ya biya daga aljihunsa, ko yaran tashe sun ɗauki wani abu daga wasan sun mayar nasu. Rufe hukumar tallafi ta Amurka, USAID, a 2025 ya datse kuɗin ayyuka da dama a Arewa lokaci ɗaya. Ƙungiyoyin da suka ci gaba da haɗuwa bayan haka, da waɗanda suka watse a watan farko, suna nan a garuruwanmu da sunayensu, kuma har yanzu ana iya zuwa a tambaye su dalili.