Batirin 9900mAh: lambar da babu ita a duniya, amma muna saye

Wani ƙanena da ke Batsari ya turo min ɗan bidiyo a WhatsApp makon da ya wuce. Wani matashi ne yake bayani da Hausa kan yadda za ka zaɓi shishar lantarki mai araha, irin wadda ake murɗawa a ƙara mata ƙarfi ko a rage. Ƙanen nawa ba shan ta yake ba. Abin da ya ja hankalinsa shi ne batirin da mai bidiyon ya ɗaga yana yabo, an rubuta 9900mAh a jikinsa. Ya ce irinsa ne sak a cikin tocilarsa, kuma yana so ya ƙaro guda biyu saboda fanka. Tambayarsa ɗaya: "Yaya, in saya?"

Na ce masa a'a. Kai ma da kake karanta wannan, ina so ka san dalili, domin irin wannan shawara ta cika intanet, kuma kuskuren da ke cikinta bai tsaya kan masu zuƙar shisha ba.

Bari in fara da abin da mai bidiyon ya faɗa daidai. Ya ce kada ka saka batir tsirara a aljihu tare da makulli ko kwabbai, kuma kada ka yi amfani da wanda ledar jikinsa ta yage. Gaskiyarsa ce. Gwangwanin batirin gaba ɗaya ɓangare guda ne na wutar, ledar ce kawai ta raba shi da ɗaya ɓangaren da ke kai. Ƙarfe ya haɗa su, shi ke nan. Daga nan ne fa bayaninsa ya kauce.

Kuskure na farko: lambar

Wannan batir mai kama da ɗan yatsa mai kauri sunansa 18650, saboda kaurinsa milimita 18 ne, tsawonsa 65. Na litiyom ne, dangin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991, wanda kuma ya sa aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019. Shi ne a cikin tocila mai caji, da ƙananan fankoki, da tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka, da fawa banki masu yawa.

Ita mAh awo ce ta yawan cajin da batir zai riƙe. Ka ɗauke ta kamar girman randa. Manyan kamfanonin da ke ƙera 18650, irin su Panasonic da Samsung da LG, sun shafe shekaru suna tsere, kuma mafi girman abin da suke sayarwa yana wajen 3500mAh. Nauyinsa kuma giram 45 zuwa 48.

Yanzu yi lissafi da ni. Ka ninka 9900mAh da bolt 3.7, za ka samu kusan wat-awa 37. In ka cusa wannan cikin giram 47, kowane kilo zai ɗauki wajen wat-awa 780. Batura mafi kyau na wannan nau'in ba su wuce 250 zuwa 270 a kilo ba. Wato wanda ya buga lambar yana ce maka ya ninka fasahar duniya sau uku, kuma yana sayar maka a kan kuɗin da bai kai na gaskiyar ba. Mudu ba ya ɗaukar tiya, ko wa ya auna.

Na taɓa sayen irinsa guda biyu don in gani da idona. A ma'aunin ɗakin gwaje-gwaje, ko wanne bai kai giram 30 ba. Da na cika su na sauke a hankali, babu wanda ya kai 1000mAh. Ba ƙarin gishiri aka yi ba, kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da aka rubuta ne a ciki.

Kuskure na biyu: maɓallin ƙarfi

Mai bidiyon ya ce amfanin na'urar shi ne ka murɗa ta har ƙarshe hayaƙi ya yi yawa. Bai faɗi daga ina ƙarfin yake fitowa ba. A cikin na'urar akwai siririyar waya da ake zafafawa. Ƙarfin da ke shigarta yana tafiya ne da bolt ninki kansa: ka ninka bolt biyu, ƙarfin ya ninku huɗu. In ka saita na'ura a wat 60 da batir ɗaya, tana zuƙar wajen amfiya 16, kuma idan cajin ya yi ƙasa sai ta haura haka.

Ga abin da ba a rubutawa a jikin na jabu: kowane batir yana da iyakar amfiyar da zai iya bayarwa ba tare da ya yi zafi ba. Masu 3500mAh na gaskiya yawanci amfiya 10 ne iyakarsu. Masu jure 20 kuwa ba su cika wuce 3000mAh ba. Dole ka sadaukar da ɗaya. Idan aka matsa wa batir fiye da iyakarsa, zafi yana narkar da siririyar takardar da ta raba ɓangarorinsa biyu, su haɗu, zafin ya ƙara haifar da zafi, ruwan da ke ciki kuma mai kamawa ne. A Amurka, fashewar irin wannan na'ura ta kashe mutum a jihar Florida a 2018, ta kashe wani a Texas a 2019.

Huhu ma yana da nasa rabon. A 2015 masu bincike a Jami'ar Jihar Portland sun wallafa cewa sun gano sinadaran da ke sakin fomaldihaid, mai jawo ciwon daji, a tururin da aka samar da bolt 5, ba su gan su a bolt 3.3 ba. Wasu masana sun soki gwajin, suna cewa babu mai jure ɗanɗanon ƙonewar da ake samu a wannan zafi. Suka ce mai ma'ana, amma ba ta kore tushen maganar ba: ƙarin zafi yana farfasa ruwan ya koma wasu sinadarai. Sannan nikotin ɗin da ke ciki yana kama mutum kamar na taba. In ba ka fara ba, babu na'ura mai araha, domin ita ce mafi ƙanƙantar kuɗin da za ka kashe.

Me ya shafi Batsari da Safana?

A Ruma ko Wagini ko Runka, batir ba kayan ƙawa ba ne. Wutar gwamnati ba abin dogaro ba ce, wasu ƙauyukan ma babu ita sam. Waya mai caji ita ce ake kiran maƙwabta da ita idan an ga motsi daga wajen dajin Rugu da dare. Mun ɗanɗana rashinta a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da waɗannan biyun, aka kuma hana sana'ar cajin waya ta haya a yankunan da matsalar tsaro ta fi shafa. Mutumin da ya tara kuɗin gyaɗarsa ya sayi tocila yana zaton za ta kwana uku, ta mutu kafin tsakar dare, ba kuɗi kaɗai aka cuce shi ba.

Ko fawa banki na gaskiya yana da nasa lissafin. Wanda aka rubuta wa 20,000mAh, a bolt 3.7 aka auna shi, wato wat-awa 74. Batirin waya mai 5000mAh yana wajen wat-awa 19. A takarda caji kusan huɗu ke nan, amma wani kaso yana tafiya a zafi wajen ɗaga wutar zuwa bolt 5 da sake sauke ta a cikin wayar. Caji uku za ka samu, kuma wannan ba ha'inci ba ne. Ha'inci shi ne ɗan ƙaramin abu mara nauyi da aka buga wa 50,000mAh. Na gaskiya mai wannan lamba, baturansa kaɗai sun haura rabin kilo.

Sai zafin garinmu. A watan Afrilu muna haura digiri 40 a inuwa. Batirin litiyom yana saurin tsufa a zafi, balle a bar shi yana caji a ƙarƙashin kwano da azahar, ko a kan katifa. Ka tuna gobarar kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ranar Babbar Sallah ta 2025, wadda hukumar kashe gobara ta danganta da fashewar batir. Ko Samsung da girmansa sai da ya janye Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda kamawa da wuta. To ina ga wanda ba a ma san masana'antarsa ba?

Laifin wa?

Ban ɗora shi kan mai tebur a kasuwar Batsari ba. Shi ma saro ya yi, kuma ba shi da na'urar gwaji. Aikin hukumar SON ne ta tantance kayan lantarki kafin su shigo ƙasa, don haka duk batirin 9900mAh da ka gani a kan tebur shaida ce cewa an tsallake wani shinge. Amma wanda ya kunna kyamara ya ce wa dubban mutane "ku saya" ya ɗauki amana. Lissafin da muka yi a sama bai kai minti biyar ba.

Abin da na faɗa wa ƙanena ke nan. Duk 18650 da ya haura 3600mAh, ka ajiye shi. Ka ɗaga shi a hannu ka kwatanta da wani, mara nauyi babu komai a cikinsa. Ka duba ledar. Kada ka haɗa tsoho da sabo a na'ura ɗaya. Ka yi caji a kan siminti, a inuwa, idonka biyu. Wanda ya kumbura ko yake ƙona hannu, ka daina amfani da shi, kuma kada ka jefa shi a bolar da ake cinna wa wuta.

Daga baya ya kira ni ya ce ya samu wani an rubuta 2600mAh, ya fi tsada, mai shagon ma yana ba shi haƙuri wai ƙarami ne. Na ce ya sayi wannan ɗin.