Sharhi a Kan Kayan Koyarwa na Intanet da Matsalar Furuci a Ajin Hausa

1.0 Gabatarwa

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa ɗalibi ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Igbo da Yarbanci ban da harshensa na gado. Ƙarancin malamai da littattafai ne ya yi wa wannan tanadi tarnaƙi, shi ya sa wasu ke ganin wayar hannu da intanet za su cike giɓin. Wannan maƙala za ta auna biyu daga cikin kayan da ake dogaro da su, wato manhajar fassara da ƙamus na intanet, ta fuskar ɗalibin da Hausa ba harshensa na farko ba ne.

2.0 Manhajar Fassara

A watan Disamba na 2013 ne aka shigar da Hausa da Igbo da Yarbanci cikin Google Translate. Babu shakka wannan ci gaba ne, domin ɗalibi na iya laluben ma'anar jimla ba tare da malami ba. Sai dai irin wannan manhaja daga rubutattun matani take koyon harshe, ita kuwa Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna tsawon wasali da karin sauti a rubuce. Dubi waɗannan misalai:

(1) a. gari, wurin zaman jama'a (gajeren wasali a gaɓar farko)
b. gari, niƙaƙƙen hatsi (dogon wasali a gaɓar farko)

(2) a. kuka, zubar da hawaye (karin sama-sama)
b. kuka, sunan itace (karin sama-ƙasa)

Bahaushe yana bambance waɗannan ba tare da ya yi tunani ba, amma ɗalibin Enugu ko Ibadan kalma ɗaya yake gani a fuskar waya. Ko da manhajar ta zaɓo ma'anar da ta dace da muhallin jimla, ba ta nuna masa dalilin bambancin ba.

Bugu da ƙari, rubuce-rubuce da dama na intanet ba su ɗauke da baƙaƙe masu lanƙwasa, duk da cewa tsarin Unicode ya tanade su. Ta haka ake cuɗa bari da ɓari, da daka da ɗaka, da kasa da ƙasa. Malamin da ya kwaso irin wannan matani ya raba wa aji ya rushe darasin ƙa'idojin rubutu da hannunsa.

3.0 Ƙamus na Intanet

Ƙamusun Bargery na 1934, wanda aka ɗora a intanet, ya fi amfani ta wannan fuska, domin mawallafinsa ya kula da karin sauti da tsawon wasali, ya kuma kawo kalmomin karuruwan harshe daban-daban. Rauninsa shi ne shekaru. Kalmomi irin su manhaja da yanar gizo, da ma'anar da suke ɗauke da ita a yau, sun zo bayansa, haka nan tarurrukan daidaita rubutu na Bamako a 1966 da Yamai a 1980. Saboda haka sai an haɗa shi da na baya-bayan nan, kamar Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 da na Newman na 2007.

4.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa waɗannan kaya sun sauƙaƙa neman ma'ana, amma sun bar furuci a baya, alhali kuwa a nan ne baƙon harshe ya fi tuntuɓe. Shawararmu ita ce sassan harsunan Nijeriya su haɗa gwiwa su naɗi muryoyin masu harshen, su jera kalmomi masu kama da juna bibbiyu tare da alamomin karin sauti, a tsarin da zai yi aiki a waya ko babu intanet. Kafin a kai ga haka, wajibi ne malami ya tace duk matanin da ya ɗauko, ya kuma karanta shi da baki a gaban aji.