Masu Karanta Inuwa

Duk wanda ya taɓa raka mace sikanin a babban asibitin Dambatta ko na Bichi ya san yadda allon nan yake: toka-toka, nan baƙi, can fari, wani abu yana ɗan motsi a tsakiya. Mai rakiya zai zura ido har ya gaji bai gane komai ba. Ma'aikaciyar da ke riƙe da kan na'urar kuwa, kafin a ce kwabo ta ce ga kai, ga ƙashin baya, ga zuciya tana bugawa, mabiyiya tana sama. Allo ɗaya suke kallo su biyun. Mukan fito muna cewa na'ura ta nuna kaza, mu manta da hannun da ya nemo abin da idon da ya gane shi. Wannan gwaninta ce da nake ganin ba mu ba ta girman da ya kamace ta ba.

Da sauti na'urar take aiki. Yaron da ya leƙa rijiya ya yi ihu, muryarsa za ta dawo masa, kuma gwargwadon zurfin rijiyar gwargwadon jinkirin amsar. Haka kan na'urar yake yi. Yana aika sauti cikin jiki, ya saurari abin da ya dawo, sau da yawa a cikin sakan guda. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da ya wuce kaɗawa 20,000 a sakan, wanda ake duba ciki da shi kuwa yana kaɗawa sau miliyan 3 zuwa 5, shi ya sa ba a jin komai. A cikin naman jiki sautin yana tafiyar kusan mita 1,540 a sakan, don haka daga lokacin da amsa ta ɗauka kafin ta dawo kwamfuta take lissafa nisan abin da ya mayar da ita. Ruwa ba ya mayar da sauti, sai ya fito baƙi wuluk. Ƙashi da tsakuwa suna mayar da shi da ƙarfi sosai, sai su fito fari fat, da inuwa a bayansu. Iska kuwa ita ce babbar matsala, domin tana tarwatsa sautin. Dalilin shafa man nan mai sanyi ke nan, don kada iska ta shiga tsakanin fata da na'ura. Dalilin da ya sa ake ce wa mai ƙaramin ciki ta sha ruwa ta riƙe fitsari ke nan: cikakkiyar mafitsara tana ture hanji gefe, sauti ya ratsa ta ya isa mahaifa. Wanda za a duba masa matsarmama kuma a ce ya zo bai karya ba, domin in ya ci abinci takan tsuke.

Wani likitan mata a Gilasgo ta ƙasar Sikotilan, Ian Donald, shi da wani matashin injiniya Tom Brown da likita John MacVicar, su ne suka buɗe wannan ƙofa a 1958. Da na'urar da masana'antu ke binciken tsagewar ƙarfe suka fara gwaji.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a aikin shi ne, a kowane lokaci yanki ɗaya siriri kawai na'urar take nunawa, ba cikin gaba ɗaya ba. Sauran yana cikin kan mai dubawa. Za ta zame hannu ƙasa kaɗan, ta karkata, ta juya kan na'urar, ta ɗan danna don hanji ya kauce, idonta a allo, ba ta kallon hannun. Daga ɗaruruwan yankunan nan take haɗa surar abin da ke ciki: wane ne a gaba, wane ne a baya, me ya girma fiye da kima. "Baba, ja numfashi, riƙe," sai hanta ta sauko daga ƙarƙashin haƙarƙari ta bayyana. "Juya ɓarin hagu," sai farin abin nan da ke cikin matsarmama ya gangara, ta tabbata tsakuwa ce, domin da tsiro ne da yana manne a inda yake. 'Yar takardar hoton da ake ba mutum ya tafi da ita gida, abin da mai dubawa ta zaɓa ta tsayar ne kawai. Abin da hannunta bai kai gare shi ba, babu shi a takarda, kuma babu likitan da zai iya gano shi daga baya komai iliminsa.

A ƙasar Kano ta arewa ƙauyuka a kusa da juna suke. Daga wannan rukunin gidaje ana hango na gaba, tsakaninsu gero da dawa da gyaɗa da wake, babu sauran daji. Mutane a kusa suke, amma ɗakin tiyata da jinin ƙari ba a kusa suke ba. Matar da ke wani ƙauye a Kunchi ko Makoɗa ko Tsanyawa, idan jini ya ɓalle mata tsakar dare a watan Agusta, hanya ta jiƙe, sai an nemo mota ko babur, sai an kai bakin titi, wani lokaci a isa asibiti a ce a wuce birni. A nan ne sikanin minti 15 yake da daraja. Yana ba iyali labari tun da sauran lokaci, a tanadi kuɗi, a nemi masu ba da jini, a san inda za a haihu.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowace mai ciki ta yi sikanin sau ɗaya kafin mako 24. Abu na farko da ake nema shi ne kwanakin cikin. Mata da yawa da azumi ko girbi suke lissafi, wata ma tana goyo cikin ya shiga, ba ta ga al'ada ba balle ta ƙirga. A watanni ukun farko ana auna tsawon ɗan tayin daga kai zuwa mazaunai, kuma kuskuren ba ya wuce kamar mako guda. Daga baya sai a koma faɗin kai da kewayensa, da kewayen ciki, da tsawon ƙashin cinya. Idan aka bari sai wata takwas, kuskuren yana iya kai mako uku. Kowane awo yana da yankin da dole a same shi daidai, in an karkace kaɗan lissafi ya ɓaci, jaririn kuma ba ya tsayawa don ana auna shi. Sai an yi haƙuri da shi.

Sannan a ƙirga. Tagwaye ba sa ɓuya ga wanda ya share mahaifa daga wannan gefe zuwa wancan, amma mai gaggawa yana iya ganin kai ɗaya ya wadatu, ko ya ga kai ɗaya sau biyu ya yi albishir ɗin da babu shi. A duba kwanciya: da kai ya nufo, a zaune yake, ko a gicciye. A duba yawan ruwa. A nemi mabiyiya a bi ta har ƙarshenta, domin idan ta rufe bakin mahaifa babu hanyar fita sai tiyata, kuma ungozoma komai ƙwarewarta ba za ta iya tsayar da jinin ba.

A nan ake gane gwana. Mabiyiyar da aka gani a ƙasa a wata biyar, yawanci kafin wata takwas mahaifa ta miƙe ta ja ta sama. Wadda ba ta ƙware ba za ta tayar wa gida da hankali. Gwana za ta rubuta abin da ta gani, ta ce, "Baiwar Allah, ki dawo a sake dubawa a wata takwas, amma ko ɗigon jini kika gani kada ki kwana a gida." Akwai kuma ranar da jira ba shi da amfani. Mace ta yi ɓatan wata, gwaji ya nuna ciki, mara tana ciwo, aka duba mahaifa wayam. Nan take hannu zai haura ɓarin dama, tsakanin hanta da ƙoda. Idan ta ga baƙin layi a wurin, ta san jini ne ya taru, cikin ya zauna a bayan mahaifa ya fashe. Wannan matar ba gida za ta koma ba, ɗakin tiyata za ta.

Duk da haka tambayar da aka fi yi wa masu sikanin ita ce mace ce ko namiji. Ba laifi ba ne a so sani, amma a cikin duk abin da aka duba shi ne mafi ƙarancin amfani ga lafiyar uwa da ɗa.

Ba mata kaɗai ba ne. Madatsun ruwa irin su Tomas da Watari da Gari sun kawo noman rani da kifi, sun kuma ba katantanwar da ke ɗauke da tsargiya wurin zama. Yaron da ke fitsarin jini, a wasu ƙauyuka ba a ma ɗaukar abin ciwo. Sikanin yana nuna abin da ƙwayayen tsutsar tsargiya suke yi a ɓoye: bangon mafitsara ya yi kauri, ya yi ƙulli, wani lokaci hanyar fitsari ta toshe, ƙoda ta kumbura. Ƙa'idar da ake bi a duniya wajen auna wannan ɓarna da sikanin, a Yamai aka zauna a kanta a watan Oktoba na 1996, kuma da sunan Yamai ake kiranta har yau. Idan aka sha magani da wuri, yawancin ɓarnar mafitsara a yara tana warkewa, kuma sake dubawa yana tabbatar da hakan.

Hoton ƙashi da na ƙirji wata sana'a ce dabam, ta girmi sikanin da shekara fiye da 60. A ranar 8 ga Nuwamba 1895 Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ake ɗaukar wannan hoto da shi a Jamus, ba a jima ba ya ɗauki hoton hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe. Hasken yana ratsa jiki, ƙashi ya tare shi ya fito fari, huhu mai iska ya bar shi ya wuce ya fito baƙi. Rabin aikin a tsayuwa yake. Ƙirji a manne da faranti, kafaɗu a turo gaba don allon kafaɗa ya kauce daga huhu, na'ura a nisan kamar ƙafa 6, a ja numfashi sosai a riƙe. In mutum ya karkace ko bai cika huhu ba, zuciya lafiyayya sai ta yi kamar ta kumbura, huhu ya yi hazo. Shi ya sa mai karatu yake fara ƙirga haƙarƙari ya duba daidaiton ƙasusuwan wuya kafin ya yarda da hoton. Sannan ya bi shi kusurwa-kusurwa, har bayan zuciya da saman huhu, inda tarin fuka ya fi son yin rami. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince kwamfuta ta riƙa tace hotunan ƙirji don neman tarin fuka ga 'yan shekara 15 zuwa sama, abin da ya sauƙaƙa kai aikin ƙauyuka. Amma hoto zargi kawai yake yi. Gwajin majina ne yake tabbatarwa kafin a fara maganin wata shida, wanda kyauta ake bayarwa.

Karaya kuwa, kowa ya san maɗori ne ake fara zuwa wurinsa, kuma a cikinsu akwai masu hannu. Sai dai yatsa ba ya jin ko tsagewar ta shiga gaɓa. Ƙa'idar masu hoto ita ce a ɗauka ta fuska biyu, gaba da gefe, domin ƙashin da ya yi kyau ta gaba yana iya kasancewa a goce ta gefe. Ga yara kuma akwai tarko: kusa da ƙarshen dogon ƙashi akwai layin guringuntsi inda ƙashin ke tsawo, a hoto yana fitowa kamar tsagewa. Sai wanda ya ga ɗaruruwan lafiyayyu yake bambance shi da karaya, ko ya gane ranar da karayar ta bi ta layin kansa, wanda in aka yi sakaci ƙafar tana iya tashi a gajarce. Irin wannan Asibitin Ƙashi na Dala ake turawa. Kuma saboda hasken yana da illa in ya yi yawa, mai hoto na gaskiya ba ya danna maɓalli sai ya tambayi mace ko tana da ciki. Tun 1987 Najeriya take da hukumar yi wa masu wannan sana'a rajista, Jami'ar Bayero kuma tana horar da su.

Ina damuwa da wuraren da ake buɗewa a sa na'ura a hannun wanda ya yi 'yan makonni yana kallo. Alamarsu ita ce kowa ya shiga sai an samo masa ciwo: wannan olsa, wannan sanyi, wannan taifot. Sikanin ba ya tabbatar da olsa ko taifot, ba ya ganin zazzaɓin cizon sauro. Rahoton gwani yakan zo da abin da bai gani ba: iska ta rufe wuri kaza, a dawo ba a karya ba, wannan ya fi ƙarfin na'urarmu, a je Asibitin Malam Aminu Kano a yi babban hoto. Ya san wanda ke gabansa wataƙila buhun gero ya sayar ko akuya a kasuwar Dambatta kafin ya zo, don haka ba ya tura shi birni a banza, ba ya kuma riƙe shi alhali birnin ya kamata ya tafi. Yakan kuma roƙi mutane su adana tsofaffin takardunsu a leda su zo da su. Ƙarin mahaifa mai santimita 4, in bara ma 4 ne, ana iya zuba masa ido. In bara 2 ne, likita zai so ganin matar a makon nan.