Jan Kati Ba Ya Warkar Da Ciwo

'Yar uwa, na san da kin ga maganar ƙwallo za ki ce wannan shafi ba naki ba ne, na samari ne da magidanta. To ki ɗan dakata tukuna. Ai ƙwallon nan ita ce ke fitar miki da ƙane tun bayan la'asar, ita ce ke riƙe miki maigida a gidan kallo har tuwo ya huce. Abin da ya shigo gidanki haka kuwa ai ya zama naki, ko kina so ko ba kya so. Magana ce a kan manyan 'yan wasa da ake dakatarwa saboda ƙwaya, da kuma gurguwar fahimtar da muke yi wa labarinsu a nan Rano da Kibiya da kewaye.

Mu fara da wanda kowa ya sani. Ranar 25 ga Yuni, 1994, Najeriya ta kara da Ajantina a gasar cin kofin duniya a Amurka. Samson Siasia ya fara zura mana ƙwallo, Caniggia ya rama har biyu, aka tashi biyu da ɗaya. Ana tashi sai ga wata ma'aikaciya ta shigo fili ta riƙo hannun Maradona, yana tafe yana dariya, suka nufi ɗakin gwajin fitsari. Aka sami ƙwayar efedirin a jikinsa, aka kore shi daga gasar, aka dakatar da shi wata 15. Daga ranar bai sake buga wa ƙasarsa wasa ba. Kuma ba wannan ne karon farko ba, domin a 1991, yana ƙungiyar Napoli ta Italiya, an taɓa dakatar da shi wata 15 saboda hodar iblis. Shi kansa Caniggia da ya ci mu, bai daɗe da gama nasa hukuncin na wata 13 ba a kan hodar nan.

To me samarinmu suka ɗauka daga wannan labari? Ki saurare su a bakin gidan kallo. Da an yi wa yaro faɗa sai ki ji ya ce, "Ai ko Maradona ma ya sha, kuma shi ne sarkin ƙwallo." Wannan magana ce ta wanda ya ji farkon labari ya tashi bai ji ƙarshensa ba. Baiwa ce da wahalar atisaye suka ɗauko masa kofin duniya a 1986. Hodar kuwa abin da ta ɗauko masa shi ne ciwon zuciya da ya kwantar da shi a 2000 da kuma 2004, da shekarun jinya a ƙasar Kyuba. Ya rasu a 2020 yana da shekara 60. Ki lura da kyau, an dakatar da shi sau biyu, wata 30 ke nan, amma sabon bai sake shi ba. Hukunci ya raba shi da fili, bai raba shi da hoda ba.

Kuskurenmu na biyu shi ne yi wa duk wanda aka dakatar kuɗin goro, a ce ɗan ƙwaya ne. Ba haka abin yake ba. Akwai wanda sha'awa ta ja shi, kamar Adrian Mutu da ƙungiyar Chelsea ta kora a 2004 saboda hodar iblis, aka dakatar da shi wata 7, daga baya kuma aka yanke masa biyan ƙungiyar kimanin Yuro miliyan 17. Akwai wanda ciwo ya ja shi, kamar Chris Kirkland, tsohon golan Liverpool, wanda ya fito a 2022 ya faɗa da bakinsa cewa ciwon baya ne ya sa ya fara shan maganin kashe raɗaɗi, har ya shafe shekaru bai iya rabuwa da shi ba. Akwai kuma wanda ganganci ya ja shi, kuma wannan ya fi shafar ki kai tsaye. A 2011 an dakatar da Kolo Toure na Manchester City wata 6 domin ya sha maganin rage ƙiba na matarsa. A 2021 André Onana, yana golan Ajax, ya ce bai ji daɗin jikinsa ba sai ya ɗauki maganin matarsa da zaton na ciwon kai ne. Aka yanke masa shekara guda, da ya ɗaukaka ƙara aka mayar wata 9. Dokar wasa ba ta sauraren "ban sani ba", duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa.

Waɗannan fa mutane ne masu likitocin kansu, amma ƙwayar cikin ɗaki ta ka da su. Ina ga mu da muke ajiye ragowar magani a cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa, maƙwabciya ta ce kanta na sarawa mu ɓallo mata biyu? Wannan ɗabi'a muna ganin zumunci ce, alhali ita ce ke koya wa yaro tun yana ƙarami cewa ƙwaya abin ɗauka ne a haɗiye ba sai likita ya rubuta ba.

Yanzu mu dawo gida. Tun daga ranar 1 ga Janairu, 2024, hukumar WADA mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta haramta tiramol lokacin gasa. Ɗan wasan Turai in aka same shi da ita ya shiga uku. Amma a filayen firamare da samarinmu ke tashin ƙura da yamma, daga Rano zuwa Rurum zuwa Kibiya, wa ke gwada wa? Babu ɗakin gwaji, babu mai riƙo hannu. Yaro ya wuni yana ƙwadago a gonar rani, ya watsa ƙwaya don kada ya gaji, da yamma ya ƙara wata don ya buga wasa, jama'a na tafi ana cewa yaron nan doki ne. Tiramol ba ƙarfi take ƙarawa ba, ciwo take ɓoyewa. Mai targaɗe sai ya yi ta gudu a kan targaɗensa har ƙafar ta lalace. Wadda hukuma ta amince da ita a ƙasar nan mai lamba 50 ce da 100, amma ta bayan fage har 225 take kaiwa, kuma yawanta na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Da yaro ya faɗi yana jijjiga sai mu ce iska ce, ko sammu aka yi masa don an ga ya fi sa'o'insa.

Kada kuma mu wanke kanmu mu ce abin na maza ne. Binciken da aka gudanar a ƙasar nan a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 na shan miyagun ƙwayoyi, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. A shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan BBC ta fito da rahoton da ya nuna ɓarnarsa har da nan Kano. Kwalaben nan ba a filin ƙwallo kawai aka shanye su ba, an sha wasu a ɗakunan amare da wuraren biki.

To in yaro ya kamu yaya muke yi? Hanya uku muka iya, kuma duk ba sa ɓullewa. Ta farko ɓoyewa. Uwa ta ga ido ya kaɗa, barci ya juye, kuɗin cefane na ɓata, amma ta yi shiru kada kishiya ta ji ta yi dariya. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ta biyu kora da duka, ko a kai shi gidan mari a ɗaure, alhali kowa ya ga abin da 'yan sanda suka tarar a irin gidajen nan a Kaduna da Katsina a 2019. Ta uku ita ce mafi muni a gare ki budurwa, wato a ce, "A yi masa aure zai natsu." Haba jama'a! 'Yar mutane asibiti ce? Maradona na da mata da 'ya'ya da dukiya lokacin da yake shan hodarsa. In manemin aurenki kin san yana haɗiya, ki faɗa wa magabatanki tun kafin a karɓi kayan sa rana. Gara a ce kin cika tsirfa da a ce Allah ya ba ki haƙuri.

Abin da ya kamata mu koya daga masu ƙwallon shi ne su kansu sun gane hukunci kaɗai ba ya isa. A dokar WADA ta 2021, ɗan wasan da aka samu da hodar iblis ko wiwi, in ya tabbatar ba lokacin gasa ya sha ba kuma ba don ƙarin kuzari ba, wata 3 ake yanke masa, in kuma ya yarda ya kammala jinya a mayar wata 1. Wato sun bambanta mai maguɗi da majinyaci. Mu ma mu bambanta. Wanda ya saba da tiramol in ya daina rana ɗaya zufa za ta karyo masa, ga ciwon gaɓoɓi, ga rashin barci, ga saurin fushi. Ba iskanci ba ne, jiki ne ke neman abin da ya saba da shi, shi ya sa likita ke janye ta sannu a hankali. A fara da babban asibitin Rano, in abin ya fi ƙarfinsu ga asibitin Dawanau da na Malam Aminu Kano.

Don haka 'yar uwa, tunda babu mai gwajin fitsari a filayenmu, idonki shi ne gwajin. Ke ke wanke wandon wasansa, ke kike fara ganin fatar ƙwaya a aljihu. In kin gani kada ki jefar ki yi shiru, kada kuma ki tara masa unguwa. Ki samu mahaifinsa ko kawunsa da yake jin nauyi, a zauna da shi, a kama hanyar asibiti tun abin bai yi nisa ba. Maganinki kuma ki kulle shi, ragowa ki daina rabawa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba waɗanda suka kamu lafiya, amin.