Jinjina Ga Waɗanda Suka Ɗauki Alli

Da gwamnatin Buhari ta ƙaddamar da shirin N-Power a 2016, masu digiri a fannin aikin gona, injiniyanci da akanta da suka gaji da yawon neman aiki suka shiga aji a matsayin malamai a kan alawus na Naira 30,000 a wata. Horon da aka yi musu gajere ne ƙwarai, kuma kuɗin kan yi jinkiri.

Waɗanda nake yi wa jinjina su ne suka riƙe aikin da gaske a makarantun ƙaramar hukumar Mashegu, daga Zugurma zuwa Ibbi. Sanin lissafi daban, sanin yadda za ka sa yaron da ke zaune a tabarma, wanda ya tashi da Kambarci ko Fulatanci, ya gane rabawa daban. Sai ka ga injiniya ya tsuguna yana ƙirga tsakuwa da yara, hannun rigarsa fari fat da alli.

Masu himma a cikinsu ba su tsaya nan ba. Suka yi rajistar difilomar koyarwa a Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976, suna karatu a ƙarshen mako, Litinin su koma gaban allo.