Mayafin Sojan Rum Daga Mazari Yake Farawa

A Ingila da Jamus an daɗe ana kwaikwayon shigar sojojin Daular Rum. Ƙungiyar Ermine Street Guard ma tun 1972 take. Kwalkwali da sulke da takobi sun samu gata a wannan harka, ana ƙera su daidai da waɗanda aka haƙo. Mayafi ne ya zama maraya. Sau da yawa mutum zai zuba kuɗi a kan ƙarfe, sannan ya yanko bargon kamfani jawur ya yafa. Yanzu wasu sun koma ga mazari da masaƙa, kuma ina tare da su ɗari bisa ɗari.

Mayafin da ake kira sagum falle ɗaya ne na ulu mai kauri, ana maƙale shi a kafaɗa da fil na tagulla. Da rana sutura, da dare bargo. Wata takarda ta shekarar 138 miladiyya daga garin Filadelfiya na yankin Fayum a Masar ta ajiye mana odar da aka bai wa masaƙan garin saboda sojojin Kafadokiya, a Turkiyya ta yau. A ciki har da fararen mayafai 4, kowanne tsawon kamu 6, faɗin kamu 4, na ulu mai laushi marar dauɗa, bakinsa a kammale.

To, a yi lissafi. Wannan ya haura murabba'in mita huɗu da rabi. In aka sa zare 10 a kowace santimita, tsaye da kwance, ana maganar zare wajen kilomita 9. Hannun da ya ƙware yakan kaɗa kamar mita 50 a awa, ke nan awa 180 na kaɗi kawai, ban da sausayar tunkiya da wanki da shiɓa da saƙar kanta. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsohuwa tana murza mazari a cinya ya san yadda zare ke taruwa da ƙyar. Wanda ya yafa bargon inji ya shafe waɗannan hannaye daga labarin baki ɗaya, mafi yawansu kuwa na mata ne.

Kuma jiki yana gane bambancin. A Vindolanda, sansanin da ke kusa da Ganuwar Hadriyan a arewacin Ingila, laka ta adana ɗaruruwan ƙyallayen ulu. Da yawansu saƙa ce da zare ke haye biyu ya shige ƙarƙashin biyu, yana fitar da ƙananan zane masu kusurwa huɗu. Zaren hannu mai murɗi sosai, da aka bar masa ɗan maiƙon jikin tunkiya, yayyafi kan tsaya a kansa ɗigo-ɗigo ya gangare. Bakin mayafin a kan masaƙa ake gama shi, ba almakashi, ba kalmasa. Sai an saƙa haka ake gane yadda soja ya iya gadi cikin ruwan Birtaniya.

Inda na rabu da wasu masu wannan kwaikwayo shi ne musun launi. Jan mayafin da finafinai suka saba mana da shi an fi saninsa da manyan kwamandoji. Zane-zanen bango sun fi nuna ruwan ƙasa mai sirkin rawaya, takardar Masar kuma ta ce fari. Daula mai wannan girma ba ta da launi ɗaya, don haka a daina korar mutane a kan rini.

Masu kukan cewa mayafin hannu ya fi takobi tsada, su duba dokar farashi ta Sarki Diyokiletiyan ta shekarar 301. Alkyabbar ulu ta Birtaniya mai hula dinari 6,000 aka yanka mata, ɗan ƙodagon gona kuwa dinari 25 yake samu a wuni. Aikin kwana 240 ke nan.