Ragowar sukarin kek, a kai shi turmin nakiya

Kek ya shigo bukukuwanmu, kuma ba na jin zai fita. Ya gangaro daga Damagaram, ya hauro daga Kano da Daura, har ta kai yarinyar da ke Yekuwa ko Magarya, in dai tana da waya da abin sayen data, za ta zauna ta koyi kwaɓi da ado daga bidiyon TikTok. Ba ni da ja da wannan. Sana'a ce, kuma na fi son ganin yarinya tana gasa gato a tukunya bisa yashi mai zafi da ta zauna jiran wani ya ba ta na sabulu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne farin garin sukarin nan da ake yi wa kek ado da shi, wanda suke kira aisin. A sayo kwali ko leda guda saboda kek ɗin suna ɗaya, a yi amfani da rabi, a ƙulle sauran a jefa bayan kwanuka har sai an sake samun mai oda. A birni gobe ma akwai oda. A ƙauye sai bayan kaka, lokacin da aka sayar da riɗi da gyaɗa aka fara ɗaura aure. Kafin nan damina ta ratsa, garin ya sha raɓa ya dunƙule, ko kiyashi ya riga mai shi. Kuma kaya ne da ke zuwa daga nesa, galibi ta Kano. Wanda ya ga yadda komai ya yi tsada lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024 da aka buɗe, bai kamata ya bar sukari ya lalace a leda ba.

Garin nan ba wani abin mamaki ba ne. Sukari ne aka niƙa ya yi laushi, aka zuba masa ɗan sitaci na masara, kamar kashi 3 cikin 100, don kada ya cure. Shi ke nan. To me iyayenmu suke yi in za su haɗa nakiya ko dakuwa? Su zuba garin shinkafa ko na soyayyar aya a turmi, su kawo sukari, su yi ta kirɓa har sai ƙwayar ta ɓace a ciki, hannu ya yi kanta. Ga sukarin da inji ya riga ya dake, amma an ajiye shi wai na kek ne kaɗai, kamar kwanon tangaran ɗin da ke jere a ɗakin amarya ba a taɓa cin tuwo a ciki ba. A nakiya, da man shanu da citta da kanumfari, yana shigewa nan take, ba ka jin ƙurus-ƙurus a haƙori. A dakuwa ma haka. Kwaɓin gullisuwa kuwa, da madarar gari da ɗan ruwa, ya fi santsi da shi, don ba a jiran ƙwayar sukari ta narke. Mai tuyar fanke ko cincin ta bari ya sha iska tukuna, sannan ta tankaɗe garin a kai da rariya. In ta zuba da zafinsa, mai zai shanye shi ya bar danƙo.

Akwai inda bai dace ba. Kada a dafa ruwan sukarin alkaki ko na dubulan da shi. Sitacin zai gurɓata ruwan, ya yi hazo-hazo, alhali kyan dubulan shi ne ƙyallin nan da lemon tsami ke fito da shi. Shayi ma a ƙyale shi da sukarinsa na ƙwaya, don masu zaman fada ba za su yafe wa wanda ya ɓata musu kofi na biyu ba.

Zan ƙara da abin da masu koyarwa a waya ba su cika faɗa ba, saboda su suna da firji da wuta. Adon bota da aisin ba na bazararmu ba ne. A Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, kafin ɗan acaɓa ya kai kek gidan buki furannin sun zube. Aisin da aka dama da ruwan lemon tsami kawai, ko da ruwan zoɓo in ana son ja, yana bushewa ya tsaya, kuma ba ya cin gari da yawa. Mai ƙaramin aiki irin wannan ba ta ma buƙatar sayen kwali. Ta daka sukarin gida a busasshen turmi, ta tankaɗe sau biyu, ya ishe ta.

Ina da son zuciya a maganar nan, ba zan ɓoye ba. Ina ganin kek ya fara cin wurin alkaki da nakiya a kayan gara, kuma ba na so. Kek na hoto ne da yinin buki, kwana biyu ya yi tsami. Nakiya tana yin makonni a ɗakin amarya, ana ɗiban wa dangin miji da 'yan ganin ɗaki. Yarinyar da ta iya kek ta kuma zauna kusa da gwaggonta ta koyi kirɓin nakiya, ita ce za ta karɓi aikin buki gaba ɗaya, kuma ba abin da zai yi saura a ledarta.

Ragowar aisin kuwa, wanda aka riga aka kwaɓa da bota ko farin ƙwai, wannan ba ya ajiyuwa ba firji. A shafa wa yara a burodi a ranar. Busasshen garin kuma a juye shi a gwangwanin madara mai murfi, a rufe gam, a ɗora nesa da randa. Ko ya ɗan dunƙule, in dai bai canza wari ba, a murje shi a tankaɗe.